Wa Zai Fito a Manomin Doya

A shekarar da jihar Taraba ta cika shekara biyar, kwamitin bikin ya yanke shawarar a dawo da tsohon wasan nan na waƙe-waƙe, "Kasuwar Bakin Kogi", aka ɗora wa Lois Jonah aikin shirya shi. Malamar sakandare ce, Bajukuna daga Wukari, aure ya kawo ta unguwar Nukkai a Jalingo shekara goma sha uku da suka wuce. Ita ke shirya wa ɗalibanta wasan ƙarshen zango, don haka da aka zo neman wanda zai riƙe aikin, sunanta ne ya fara zuwa bakin mutane. Ta karɓa da murna, ko tambayar yadda wasan yake ba ta yi ba.

Ba ta taɓa ganinsa ba. Marigayi Malam Njidda, wani hedimasta, shi ya rubuta shi a 1972, aka yi ta nuna shi a Jalingo duk ƙarshen shekara har wajen shekara takwas. Daga nan 'yan wasan suka watse, wasu canjin wurin aiki ya kai su Yola, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Waƙoƙin kuwa sun zauna a bakin mutane. Duk wanda ya haura arba'in a garin, in ka ɗauko masa baiti ɗaya zai ƙarasa maka.

Labarin na wata kasuwa ce a bakin kogi inda mutum huɗu ke haɗuwa: mai tallar nono Bafulatana, masunci Bajukun, ɗan kasuwa Bahaushe, da manomin doya da ke saukowa daga duwatsun Mumuye. Waƙa goma sha ɗaya ce a ciki, amma wadda aka fi sani ita ce ta manomin. Ɗan kasuwa ne ke karɓe masa doya gaba ɗaya ya ba shi mataccen rediyo, shi kuma ya zauna tsakiyar dandamali yana lallashin rediyon ya yi masa magana.

Mutum ɗaya ne ya taɓa fitowa a manomin tun farko har ƙarshe, Bappa Hayatu na unguwar Kachalla Sembe, Bafulatani, tsohon akawu da ya yi ritaya. Har yanzu in ya shiga kasuwa akwai masu kiransa Manomi, shi kuma ya ɗaga musu hannu. Tun kafin Lois ta karɓi takardar kwamiti labari ya iso mata cewa Bappa ya sauko da tsohon rediyon daga saman sif ya goge shi, yana kuma bitar waƙar a tsakar gidansa.

Wani ɗan kwamiti ya ara mata kaset da aka ɗauka a 1978. Ta saka shi ranar Asabar da hantsi tana tsince shinkafa. Waƙar mai nono ta burge ta, ta masunci ma haka, har ta riƙa amsawa. Da aka zo kan manomi sai ta ajiye faifan shinkafar. Muryar Bappa Hayatu ce, yana lanƙwasa Hausa da gangan, yana mayar da mace namiji, yana cin rabin kalma, a tsakani kuma yana wani irin gurnani wai yaren dutse ke nan. Dariyar 'yan kallo har tana sa kaset ɗin rawa. An riga an faɗa mata yadda yake shiga: ganye a ƙugu, baƙin gawayi a fuska. Ta tuna ajin da take koyarwa, inda kusan rabin yaran Mumuye ne, ta tuna kuma an ce za a ware wa makarantu layi huɗu a gaba. Shinkafar nan sai da la'asar ta dahu.

Akwai muryar da ta daɗe da sani a cocinsu, ta Tobiya, shugaban mawaƙa. Direban tarakta ne a ma'aikatar gona, ɗan Mumuye, mai kimanin shekara talatin da biyar, ba ya yawan magana sai in waƙa ta tashi. Bayan sujada ranar Lahadi ta tare shi a gindin dalbejiya ta faɗa masa abin da take so. Ya saurare ta har ta gama, hularsa a hannu, sannan ya ce a'a.

Ya ba ta labarin cewa yana aji biyar na firamare aka kai su kallon wasan. Washegari wani yaro ya zo da gwangwanin madara ya ajiye masa a kan benci, ya ce ya yi masa magana. Daga ranar sunansa ya koma Rediyo. Duk inda ya bi sai a ɗauko waƙar, har wani malami ma ya taɓa yi masa ita a gaban aji, da wasa. Shekara biyu ya yi ba ya ɗaga hannu a aji don kada a ji Hausarsa.

"Madam, mamana ya hana ni faɗa, shi ya sa ban yi faɗa ba," in ji shi. "Amma in hau dandamali in rera wannan waƙa da bakina, ba zan iya ba."

Ta ce masa ai dalilin da ya sa ta zo wurinsa ke nan, tana so a yi manomin kamar mutum. Ya tambaye ta ko za ta canza labarin, manomin ya daina zama wawan da aka cuta. Ita kuwa ba ta san iyakar abin da aka yarda ta taɓa ba. Ya yi mata godiya, ya sa hularsa ya tafi.

Sauran 'yan wasa ba su ba ta wahala ba. Masunci ta samu wani Bajukun ɗan'uwanta da ke aiki a gidan waya. Mai nono kuwa mata tara suka zo gwaji, babu wadda ta kama ƙafar Victoria, wata nas 'yar Ibo da aka haifa a Abbare, wadda ta tashi cikin Fulani tana jin Fulatanci kamar a gidansu ake yinsa. Da ta rera waƙar, mai gadin ɗakin taron, wani dattijo Bafulatani, ya shigo ya tsaya bakin ƙofa har ta gama. Lois ta ba ta ba tare da dogon tunani ba.

Abin da ya rage shi ne rubutun wasan. Kwafi ɗaya ne a duniya, da hannun Malam Njidda, kuma yana wurin Bappa Hayatu. Lois ta yi kwana uku tana ɗage zuwa. Ranar Laraba bayan an tashi makaranta ta hau acaɓa zuwa Kachalla Sembe, da kan sukari da ganyen shayi a leda.

Ya karɓe ta da fara'a a zaure, ya sa aka kawo mata ruwa. Dogo ne, siriri, gemunsa fari tas, yana da irin fuskar da ko bai ce komai ba sai ka ji kana son yin murmushi. Kafin ta buɗe baki ya fara ba ta labarin shekarar da wani babban jami'i ya yi dariya har kujera ta karye da shi. Rediyon na ajiye a gefensa kan tabarma. Ta bari ya gama, sannan ta faɗa masa, a hankali kuma da ladabi, cewa tana so bana ɗan Mumuye ya fito a manomin, kuma ba da ganye da gawayi ba.

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya sunkuya ya dubi rediyon. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ƙin Mumuye ba, maƙwabcinsa ma da suke dara kullum shekara talatin, Baba Elias, Mumuye ne, kuma ba a taɓa yin wasan nan bai zo ya yi dariya ba. Sannan ya ɗago ya dube ta.

"'Yata, na ji an ce 'yar Ibo kika ba mai nono. Ita ta dace ta fito a Bafulatana, ni ban dace in fito a Mumuye ba? Faɗa mini bambancin in ji."

Tambayar da take tsoro ke nan, kuma duk kwana ukun da ta yi ba ta samo amsar da ta gamsar da ita kanta ba. Ta ce masa ita dai abin da ta ji a kaset shi ne, in mai nono ta yi waƙa mutane shiru suke yi su saurara, in manomi ya buɗe baki dariya suke yi tun kafin ya faɗi komai. Ta ce da mai nono ake yi wa dariyar, da ba za ta ba Victoria ba. Ya ce ai wasa dariya ce, wanda ba ya son dariya ya tafi wa'azi. Ta roƙi littafin, ya ce sai ya duba inda ya ajiye shi. Ta san ya san inda yake. Ya raka ta har bakin hanya kamar yadda ya dace, ya yi mata sallama a taƙaice.

Mako biyu suka bi baya masu nauyi. Ta zauna da kaset ta rubuta abin da za ta iya ji, tana tsayarwa tana mayarwa, inda dariya ta rufe magana ta bar gurbi. Suna bita a ɗakin taro duk la'asar, damina ta sauka sosai, in ruwa ya fara dukan kwanon rufi sai su tsaya su jira. Inda manomi zai shigo, kujera suke ajiyewa, Lois ta karanta nasa daga gefe. Ɗan kasuwa ma ba ta samu tsayayye ba, mutum biyu sun gwada sun janye da suka ji ana cewa an kori Bappa Hayatu.

Maganar kuwa ta bazu. A ofisoshi ana cewa Bajukuna ta zo ta raba kan mutane, wasu kuma na cewa da ma an daɗe ana jiran wanda zai taɓa wasan nan. Shugaban kwamiti, Alhaji Ukasha, ya kira ta ofishinsa. Mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya ce mata mafita biyu ya gani: ko a mayar wa Bappa matsayinsa ya rage gawayin, ko a kafa doka kowace ƙabila ta fito a nata, a sallami Victoria, kowa ya huta. Lois ta ce in aka yi ta biyun, duk wanda aka haifa a Jalingo iyayensa ba 'yan nan ba ne ba shi da wuri a dandamalin garinsu ke nan. Ya ce to ta kawo ta uku kafin Juma'a. Ta fito tana tunanin ko ta cire manomin daga wasan ɗungurungum, ko ta mayar musu da takardarsu ta koma aji. Abinci ma ya daina yi mata daɗi, mijinta ya lura ya daina tambayarta yadda bita ta kasance.

Ranar Alhamis suna tsakiyar waƙar masunci sai ga Bappa Hayatu a bakin ƙofa, da lema a hannu ɗaya, wani abu naɗe cikin leda a hammata. Masu ganga suka tsaya. Ya yi musu alama su ci gaba, ya nemi kujera a baya ya zauna. Lois ta ƙarasa bitar. Da kowa ya watse ya kira ta, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

Ya ce mata bayan tafiyarta ya yi fushi sosai, ya kai ƙararta wurin Baba Elias a kan dara, yana jiran ya taya shi. Elias ya ci gaba da motsa 'ya'yan dara abinsa. Da Bappa ya matsa masa, ya ce ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah ko wasan ya taɓa ɓata masa rai, sai Elias ya tambaye shi ko a shekara takwas ɗin nan ya taɓa ganin ya zo da matarsa ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Elias ya ce yana zuwa ne saboda abokinsa ne a dandamali, yana dariya kuma saboda mutane na juyowa su ga ko zai yi.

"Shekara talatin muna zama tabarma ɗaya," in ji Bappa. "Ban taɓa lura ba. 'Ya'yansa a gidana suke cin abinci."

Ya kwance ledar ya fito da littafin, babban littafin rajista mai baƙin bango, takardunsa sun yi ja. Ya buɗe wajen ƙarshe ya miƙa mata ya ce ta karanta. Rubutun Malam Njidda ƙanana ne, a tsaye, da shuɗin tawada. Abu na farko da ta lura shi ne manomin Hausa sosai yake yi a littafin, babu ko kalma ɗaya da aka karya. Babu maganar ganye, babu gawayi. Na biyu kuma, waƙar rediyo baiti huɗu ce, alhali uku ne a kaset. Kafin ita akwai wani ɗan gajeren fage da ba ta taɓa jin labarinsa ba, inda masunci ke faɗa wa manomi cewa kwale-kwalen ɗan kasuwa ya kife da kayansa duka, iyalinsa kwana biyu ba su ɗora tukunya ba. Baiti na huɗu manomin ɗan kasuwar yake yi wa, ba rediyon ba:

Na san akwatin nan ba ya magana,
tun kafin ka ɗora shi a hannuna.
Na ga 'ya'yanka a gindin tsamiya,
ɗauki doya, mun gama cinikayya.

Ta karanta sau biyu. Ta ɗago ta dubi Bappa. Ashe ba sai ta canza labarin kowa ba.

Bappa ya ba ta labarin yadda aka yi. Ranar farko da aka nuna wasan yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, tsoro ya kama shi, harshensa ya sarƙe a kalmar farko, mutane suka fashe da dariya. Ya ji daɗin dariyar, sai ya ƙara, suka ƙara. Kafin a kai waƙar rediyo ɗakin ya rikice, ya gama baiti na uku mutane suka miƙe suna tafi, mai labule ya ɗauka an gama ya ja. A shekara ta biyu shi da kansa ya kawo ganye da gawayi, aka kuma yar da fagen masunci don ba shi da amfani kuma. Malam Njidda ya yi masa magana sau ɗaya, ya ce Hayatu ba haka na rubuta ba. Shi kuma ya ce masa Malam ai mutane sun fi so haka. Malam bai sake tayar da zancen ba, amma daga shekara ta uku ya daina zuwa kallo, ya ce ƙafa ke damunsa. Da zai rasu kuma Bappa ya bar wa littafin.

Lois ta rufe littafin. Ta yi masa godiya. Ya ce kada ta gode masa, shi har yanzu yana ganin ya iya abinsa, kuma yana jin zafin rasa shi, ba zai ɓoye mata ba. Amma littafin ba nasa ba ne. Ya tambaye ta ko yaron nan direban tarakta yana da murya kamar yadda ake faɗa.

Washegari da sassafe, kafin ta tafi makaranta, ta sami Tobiya a garejin ma'aikata yana duba man tarakta. Ya wanke hannu kafin ya taɓa littafin. Ya karanta a tsaye, yana bin layi da yatsa, ya koma baya ya sake. Da ya gama bai ce ya yarda ba. Ya ce wannan Malam Njidda mutumin kirki ne amma bai taɓa haƙar doya ba, domin a baiti na farko ya sa manomi yana tumɓuke ta kamar gyaɗa, wanda duk ya yi haka rabinta zai bari a ƙasa. Lois ta yi dariya, karo na farko cikin makonni. Ta ce in ya gyara layin za ta ɗauki alhakin.

Ya kafa sharuɗɗa. Zai sa kayan da babansa ke sawa in zai sauko kasuwa, riga da wando da hula, da fartanya a kafaɗa. Zai ƙara amshi guda a yarensu na gaskiya a inda da ake gurnani. Sannan ya ce akwai matsala ɗaya: Hausar littafin ta fi ƙarfinsa, shi ba haka yake magana ba, in ya buɗe baki za a ji Mumuye ne, kuma za a yi dariya. Lois ta ce ya yi yadda yake yi da ita yanzu, kada ya ƙara kada ya rage, haka rabin garin ke magana. Ya ce zai zo bita sau ɗaya ya gani.

Da ya zo ya tarar da Bappa Hayatu a wurin. Suka gaisa a taƙaice. Lois ta riga ta roƙi Bappa ya fito a ɗan kasuwa, ya ce Bafulatani ya fito a Bahaushe, wannan kuma wace doka ce ta yarda da shi, amma ya karɓa. Bitar farko ba ta yi kyau ba. Tobiya ya tsaya ƙiƙam kamar a gaban mawaƙan coci, ba ya kallon kowa. Bappa kuwa bakinsa na motsi da layukan manomi ba da saninsa ba. A kwana na uku ya daina haƙuri, ya taso ya kama kafaɗun Tobiya ya juya shi, ya nuna masa yadda ake tsayawa mutanen baya su ga fuska, da inda ake jan numfashi kafin baiti na uku. Tobiya ya ƙyale shi. Bayan an tashi Lois ta hango su a waje ƙarƙashin lema ɗaya suna magana. Ba ta ji me suka ce ba, kuma babu wanda ya faɗa mata daga baya. Alhaji Ukasha da ya ga littafin da idonsa ya ce alhamdu lillahi, tunda rubutun marigayi ne babu mai cewa komai, ya kuma yi ta maimaita hakan a duk ofishin da ya shiga.

An nuna wasan ranar Asabar ta ƙarshen Agusta da ƙarfe huɗu. Ɗakin ya cika har tagogi. Lois na tsaye a gefen labule da littafin a ƙirji. Victoria ta shigo da ƙwarya a ka, ta yi waƙarta, matan Fulani da ke gefen dama suka yi ta kallon juna suna gyaɗa kai, wata ta gyara mata kalma ɗaya da ƙarfi, aka yi dariya, Victoria ta maimaita yadda aka gyara mata aka tafa. Bappa ya fito da babbar riga da rediyo a hammata, ɗakin ya ɗauki kiran Manomi, Manomi. Ya jira suka lafa, ya shiga layinsa na ɗan kasuwa.

Sai Tobiya ya shigo da fartanya. Wasu suka fara dariya tun kafin ya yi magana, don sun saba. Ya yi sallama da Hausarsa ta kullum, dariyar ta ɗan ƙaru a baya, wani ya yi gurnanin nan na da. Lois ta ga hannun Tobiya ya ƙanƙame ƙotar fartanya, ta ce a ranta shi ke nan. Bappa ne ya juya, yana nan a matsayin ɗan kasuwa, ya dubi inda gurnanin ya fito ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya amsa sallamar manomin da girmamawa ya ba shi wuri a benci. Ɗakin ya yi tsit.

Shirun ya ci gaba har fagen masunci, har farkon waƙar rediyo, kuma shi ya fi tayar wa Lois hankali, domin ba ta san ko na sauraro ne ko na fushi ba. A baiti na biyu tsofaffi suka fara bi a hankali, tunda sun san shi. An yi dariya inda manomi ya kara rediyon a kunne ya girgiza shi, Tobiya ma ya yi murmushi. Da ya shiga amshin yarensu wasu mata daga tsakiya suka ɗauka tare da shi tun a zagaye na biyu, ɗaya ta rangaɗa guɗa. Ya gama baiti na uku mutane suka fara tafi kamar yadda aka saba, wasu har sun miƙe. Lois ta riƙe hannun mai labule. Tobiya ya ajiye rediyon a ƙasa, ya juya wurin Bappa, ya yi na huɗu.

Babu wanda ya bi shi, don babu wanda ya sani. Bappa ya sunkuyar da kai ya ɗauki kwandon doya kamar yadda aka yi bita, sai dai ya daɗe a sunkuye fiye da yadda aka tsara. Da aka ja labule tafin bai zo nan take ba, sannan ya zo, ya daɗe. Lois ta nemi wani akwatin kaya ta zauna a kai. Victoria ta kawo mata ruwa a ƙwaryar wasan ta shanye duka.

Ba kowa ya ji daɗi ba. A bakin ƙofa ta ji wani dattijo na cewa an lalata musu wasa, da can mutum har cikinsa ke ciwo don dariya, yanzu an mayar da shi makaranta. Wata mata kuma ta tare ta tana tambaya me ya sa masunci waƙa biyu kawai gare shi. Lois ta ba kowa haƙuri, ta ga abin bai dame ta ba ko kaɗan. Ɗalibanta suka kewaye ta suna surutu, biyu daga ciki na gardama kan kalmomin baitin ƙarshe.

Tana tattara kaya wani mutum mai kaftani ruwan toka ya gabatar da kansa, ya ce shi malamin makaranta ne daga Zing a ƙasar Mumuye, suna bikin sabuwar doya nan ba da daɗewa ba, ko za su yarda su kawo wasan can. Ta ce sai ta tambayi 'yan wasa. Ta leƙa bayan dandamali ta tarar Bappa na faɗa wa Tobiya ya yi sauri a baiti na biyu, ya bar masu ganga a baya, Tobiya na cewa masu gangar ne suka yi nawa. Ta faɗa musu saƙon. Tobiya ya ce a Zing ba za a yafe masa kuskure ko ɗaya a amshin ba, sai ya je ya zauna da kawunsa tukuna. Bappa ya tambaya ko hanyar tana da kyau da damina, domin bayansa ba ya son gargada. Lois ta ce su yanke shawara su faɗa mata ranar Litinin. Ta ɗauki jakarta ta fita ta sami mijinta na jiranta da babur, ta ce masa ya tsaya wurin mai kifi a hanya, yunwa take ji.